Gwaggona da Saƙonnin da Ke Cikin Ƙwai

Ranar sadakar ukun Gwaggo, da hantsi, wata motar haya ta tsaya a ƙofar gidanta da ke Ƙaraye, dattawa huɗu suka fito. Babu wanda ya san su. Suka yi wa maza gaisuwa a waje, sannan suka roƙi a yi musu iso, suna so su yi wa 'ya'yanta mata gaisuwa da bakinsu. Muka gyara lulluɓi, aka shimfiɗa musu tabarma a bakin zaure.

"Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri?" in ji babbansu. "Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta. Mu mahauta ne, daga birni muka taso. Jiya muka samu labari."

Muka amsa, muna kallon juna. Shi ma ya lura, sai ya gyara zama.

"Shekara da shekaru Hajiya na zuwa mana mayanka bayan sallar asuba, da fulas a hannu. Da fari mun zaci shayi ne, ashe ruwan gishiri ne mai ɗumi. Duk saniyar da aka yanka sai ta ce a ciro mata wasu 'yan tsokoki biyu da ke gefen mahaifa, waɗanda mu zubarwa muke yi. Aka fara tsegumi, wasu suka ce tsibbu take yi. Da maganar ta kai kunnenta ba ta yi fushi ba. Washegari ta zo da madubin likita a mota, ta kafa shi a kan benci, ta tsotso wani ruwa daga tsokar nan da sirinji, ta ce kowa ya zo ya leƙa. Wallahi tun ina saurayi nake fiɗar shanu, ban taɓa sanin saniya tana da ƙwai ba sai ranar. Ga shi nan kewayayye kamar wata ɗan daren sha huɗu. Na ce, Hajiya, wannan ɗan ɗigon ne ke zama bijimi? Ta ce, in ya nuna yadda ya kamata."

Babbar 'yar Gwaggo ta tuntsire da dariya, dariyar ta koma kuka, muka taya ta.

Baƙin ba su tsaya nan ba. Wata tsohuwa ta tako daga wani ƙauye a Falgore da ƙwaryar nono a ka, ta dire a tsakar gida ta ce a raba wa masu zaman makoki, nonon jikar saniyar da Hajiya ta duba musu ne. Wani farfesa mai furfura, tsohon ɗalibinta, ya ƙi zama a kujera, ya zauna a ƙasa yana ba maza labarin yadda ta sa shi ya sake aikin wata shida daga farko, don ta gane ya rubuta abin da yake so ya gani, ya bar abin da ya gani. Mahaifina kuwa, yayanta, wanda ya girme ta da shekara tara, yana gefe yana ta jan carbi. Sau ɗaya ya ɗago kai ya ce, "Auta ta riga ni." Ya mayar da kai ƙasa.

Ɗalibanta za su rubuta tarihin aikinta da Turanci, na san za su yi. Ni malamar Hausa ce, 'yar yayanta. Abin da zan rubuta shi ne Gwaggon da muka sani a gida, don jikokinta su san irin macen da suka fito daga tsatsonta.

A Kurugu aka haife ta, a gidan noma da kiwo, inda ake Fulatanci a cikin gida, Hausa a kasuwa. Ita kaɗai aka sa makarantar boko a cikin 'ya'ya matan kakanmu, shi ma don ta addabi kowa da tambaya. Ta yi karatu har ƙasar waje, ta dawo ta koyar a jami'a, a fannin haihuwar dabbobi, ta haifi 'ya'ya bakwai a tsakanin haka. Da ta yi ritaya ta ƙi zaman birni, ta dawo Ƙaraye ta gina gida mai faffaɗan garke a baya.

Gajeriya ce, mai saurin tafiya, ba ta son a riƙe mata jaka. Goro ɗaya take tsagawa huɗu ya kai ta yini. Idan ka kawo mata labari, kafin ka kai ƙarshe za ta katse ka: "Da idonka ka gani, ko faɗa maka aka yi?" Har limamin unguwa ya sha wannan tambayar. Tuwonta kuma, Allah ya gafarta mata, bai taɓa yin daɗi ba, ta kuma sani. Takan ce ita Allah ya ba ta hannun riƙe sirinji, muciya ta wasu ce.

Rigimarsu da mahaifina kowa a danginmu ya san ta. Wata shekara rani ya yi tsawo, karsanoni biyu a garken Baba suka ƙi ɗaukar ciki, bijimi ya hau su sau da yawa a banza. Baba ya ce baki ne, don an yaba su a kasuwa ba a ce tubarkalla ba. Ya yanke shawarar kai su ga mahauta. Gwaggo ta zo Kurugu ta zagaya su, ta shafa haƙarƙarinsu, ta ce, "Yaya, yunwa ce."

"Yunwa? Garken nawa?"

"Ƙwan da saniya za ta saki yau, watanni ya yi yana girma a cikinta yana tara abin da zai yi aiki da shi. In ya girma a jikin da ba ya ƙoshi, tanadinsa ba ya cika. Ka ba su abinci, ka jira wanda zai girma a cikin ƙoshi."

Baba ya miƙe tsaye. "Ke da rabonki da tatsa tun kina da ƙuruciya, ke za ki koya mini shanu? Kafin a haife ki nake bin su daji!"

"Bin su ka yi ta baya, Yaya. Ni cikinsu na leƙa."

Daga nan suka juye Fulatanci, abin da suke yi kenan idan ba sa so mu ji, ko da yake duk muna ji. Ƙarshenta ta sa aka koro karsanonin biyu zuwa Ƙaraye, ta ɗaure su a bayan gida, tana ba su harawa da dusa da kanwa. Damina guda ba su yi wa juna magana ba. Gaisuwa ma ta bakin innata take bi.

Ɗaya karsanar ta ɗauki ciki, ta haifi maraƙa jajawur. Ɗayar ta yi ƙiba, ta yi sheƙi, amma ko ɓatan wata. Gwaggo da kanta ta mayar da su Kurugu, ta durƙusa ta gaida Baba, ta ce, "Wannan na yi daidai. Waccan na yi kuskure, ba yunwa ba ce, akwai abin da ban sani ba a tattare da ita." Baba ya daɗe yana kallon maraƙar, sannan ya ce a kawo wa Auta fura. Har ta rasu, idan ana yabon iliminta a gabanta, ita ce za ta tuna wa mutane karsana ta biyun.

Yanzu zan faɗi abin da ta yi mini, duk da nauyinsa a bakina.

Na yi aure a Rogo. Shekara takwas ban taɓa ɓatan wata ba. Na sha saiwa da sassaƙe har harshena ya daina gane ɗaci. Maigidana mutum ne mai kawaici, bai taɓa ce mini uffan ba, amma gari yana magana. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zancen da ya shiga kunnen surukata, cewa wai tun ina kwaleji na sha ƙwayoyin hana haihuwa, su suka ƙona mini mahaifa. Ba ta taɓa faɗa mini a fuska ba. Ta dai daina cin abincina, ta koma amsa gaisuwata da ka.

Daga baya muka je wani asibiti a birni, inda ake ciro ƙwan mace a haɗa shi da na miji a ɗakin gwaji. Sau biyu aka ciro, sau biyu likita ya ce ƙwayayen duka ba su nuna ba, sun tsaya a hanya. Ya yi dogon bayani da Turanci, ni kuwa kunnena ya toshe tun daga jimlar farko. Da muka dawo ban wuce Rogo ba, na ce a sauke ni a Ƙaraye.

Na tarar da Gwaggo a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa. Ta karɓi takardun, ta sa tabarau, ta karanta su har sau biyu. Ta turo mini faifan gyaɗar ta ce, "Sa hannu, 'yar nan. Kuka da hannu a zaune ya fi cin rai."

Muna ɓara tana magana, a hankali, kamar mai ba da labarin wata maƙwabciya.

"Kowace ƙwayar halitta a jikinki tana da littafin gado a tsakiyarta. In tana buƙatar wani abu sai ta kwafo saƙo daga littafin, a karanta saƙon nan take, a haɗa furotin, wato sinadarin da zai yi aikin. Shi ƙwan mace dabam yake. In ya gama girma sai ya rufe littafin, ya daina kwafowa, alhali babban aikin yana gaba. To da me zai yi? Tun yana girma ya kwafi saƙonni masu yawa ya ajiye ba a karanta ba. Kowane saƙo yana da wani ɗan zare a ƙarshensa, mu wutsiya muke ce masa. Akwai furotin masu gadi da ke riƙe saƙon, a gajarta wutsiyar, sai ya kwanta shiru. Ranar da jiki ya ba da alama, sai a tsawaita wutsiyar wannan a karanta shi, bayan wasu sa'o'i a ta da wancan, bi da bi, kowanne da lokacinsa. Da wannan jerin ƙwai ke nuna har ya iya karɓar na namiji. In mai gadi ɗaya ya zo da tawaya tun daga halitta, saƙonnin kan lalace a ajiye, ko a kasa ta da su. Sai ƙwan ya tsaya. Macen kuwa lafiyarta ƙalau, al'adarta na zuwa, babu abin da za a gani daga waje."

Na ce, "Shi ke damuna kenan, Gwaggo?"

"Ba zan rantse ba, don ba a yi miki gwajin da zai tabbatar ba, kuma akwai wasu dalilan da kan tsayar da ƙwai. Amma abin da suka gani ya yi kama da shi."

"Akwai magani?"

Ta ajiye gyaɗar hannunta ta dube ni. "Ni dai ban san shi ba. Ana nema, wataƙila a samu bayan raina. Ba zan yi miki ƙarya don ki ji sanyi yau ki sha wuya gobe ba. Abu ɗaya zan faɗa miki da ƙarfin murya: babu abin da kika ci, ko kika sha, ko kika aikata da ya jawo wannan."

Nan na fashe da kuka. Na gaya mata zancen ƙwayoyin, wanda ban taɓa gaya wa ko innata ba. Fuskarta ta canza. Ta kakkaɓe zaninta ta ce, "Jibi Juma'a. Ki ce wa surukarki ina nan tafe gaisuwa."

Ta zo da goro da turare kamar yadda ake zuwa gidan surukai. Suka gaisa da surukata gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da gona da ruwan bana. Ta sa aka kira maigidana, ya zauna daga bakin ƙofa. Ni ina rakuɓe a gefe.

"Hajiya," in ji Gwaggo, "na ji wata magana game da 'yata. Da idonki kika gani, ko faɗa miki aka yi?"

Surukata ta sunkuyar da kai. "Ai kin san mutane, Hajiya. Ni ma uwa ce, ina son in ga jinin ɗana."

"Kina da gaskiya, kowace uwa haka take. Bari in gaya miki abin da na sani, don rayuwata na ƙarar a kansa. Ƙwan da ke jikin yarinyar nan, tun tana cikin cikin uwarta aka halicce shi. Ba ta zo duniya ba, balle ta san hanyar kwaleji. Abin da ke tafiyar da shi kuwa tare da shi aka rubuto mata. Ƙwayar da ake zarginta da sha ma ba ta yin wannan ɓarnar, ita kuma ba ta sha ba. Ni na haifi bakwai, ki tambaye ni dabarar da na yi, wallahi ban sani ba. Ita ba ta haifa ba, ba ta kuma yi laifin komai ba. Wanda ya ba ni shi ya jarrabe ta. In za ku riƙe ta, ku riƙe ta da mutuncinta. In ba za ku iya ba, ga mota a waje, ɗakina yana da faɗi."

Sai maigidana ya yi gyaran murya, shi da ba ya ɗaga murya a gaban mahaifiyarsa, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, babu inda za ta. Da na san wannan maganar ake yi da ba ta kai yau ba."

Surukata ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Akwai sauran dambun nan na jiya? Zubo mana ni da Hajiya." Rabonta da cin abin da na dafa ya fi shekara. Na tashi na zubo musu. Gwaggo ta ci loma biyu ta ce dambun ya fi nata, surukata ta ce ai ta ji labarin tuwonta, suka kama dariya.

Ban haihu ba har yau. Bayan shekara guda surukata da kanta ta riƙo hannun 'yar ƙanin maigidana da aka yaye, ta danƙa mini riƙo. Yanzu tana aji uku a sakandare, Umma take ce mini.

Daga baya na gane ba ni kaɗai ba ce. Mata da yawa daga ƙauyukan Ƙaraye da Rogo sun zauna a gindin mangwaron nan. Ba ta ba da magani, tana ce musu ita ba likitar mutane ba ce. Takan karanta takardunsu ta fassara, ta ce wa wannan ta koma asibiti don nata yana da magani, ta ce wa waccan mijin ne ya kamata a duba, ta kuma aika a kira shi.

A shekarunta biyu na ƙarshe, da ciwon ƙafa ya zaunar da ita, ta ɗauko wani aiki. Ta ce duk abin da ta sani yana cikin harshen da matan garinmu ba sa ji, don haka za ta faɗa da Hausa ni in rubuta. Duk Asabar nake zuwa. Mun sha musu a kan kalmomi. Ni in ce kalmar ba ta da daɗi a kunne, ita ta ce mai daɗin ba daidai take ba. Sai da muka yi sati uku a kan ko za a ce ƙwai ya nuna ko ya ƙosa.

Asabar ɗin ƙarshe na tarar da ita a kishingiɗe, muryarta ta yi ƙasa, amma ta ce in ɗauko biro.

"Rubuta. Bayan ƙwai ya haɗu da na namiji, kwanakin farko da saƙonnin uwa ake tafiya, don ɗan tayi bai buɗe nasa littafin ba. In ya fara buɗewa, sai a bi saƙonnin uwar a share su. In ba a share ba, ɗan tayi ba ya gaba."

Na ɗaga biro na dube ta, idona ya kawo ruwa. "Gwaggo, wasiyya kike yi mini?"

Ta harare ni ta saman tabarau. "Ke, maganar ƙwai nake yi. Ku malaman Hausa komai sai kun mayar da shi waƙa. Rubuta, kafin in manta."

Na rubuta. Ranar Alhamis da safe, bayan ta idar da walaha, ta cika a hannun babbar 'yarta, da kalmar shahada a bakinta.

Sati biyu bayan sadakar arba'in, shugabar makarantar matan aure ta unguwarmu a Rogo ta ba ni awa ɗaya. Na tsaya a gaban mata sun fi talatin, wasu da goyo, na karanta musu abin da Gwaggo ta faɗa. Aka yi ta tambaya har ladan ya kira la'asar. Da aka watse, wata mata da ba ta ce komai ba tun farko ta tsaya tana naɗe tabarma, tana jan lokaci, har ajin ya zama daga ni sai ita. Ta matso kusa, ta yi ƙasa da murya.

"Malama, shekarata goma sha ɗaya da aure ban haihu ba. Ko asibiti ban taɓa zuwa ba, an ce ni na jawo wa kaina."

Na ce, "Zauna, 'yar'uwa."

Ta ce, "Wace ce ta koya miki wannan?"

Na ce, "Gwaggona ce, ƙanwar mahaifina, 'yar Kurugu." Na ji kaina ya ɗaga sama da na faɗa. Muka sake shimfiɗa tabarmar muka zauna.

Ya Allah, baiwarka ta leƙa ƙaramin abu daga cikin halittarka, ta dawo ta share wa bayinka hawaye da shi. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata mata kabari, ka sa abin da ta koyar ya riƙa isa gare ta. Mu da ta bari, ka ba mu gaskiyar bakinta, ka kyautata namu zuwan.